Bandar Goro

Ko da zan yi shekara dubu a duniya, haƙorana su zube su sake tsirowa, ba zan manta da goron da na yi wa banda ba. Har yau in na ratsa ta unguwarmu a Kontagora sai na ji wani ya ɗaga murya, "Mai banda, yau me aka ɗora a wuta?" Ni kuwa sai in ɗaga masa hannu kamar wanda aka yi wa kirari.

A lokacin garin namu bai daɗe da kafuwa ba, ni kuma ina ɗan saurayin da murya ta fara fashewa. An san ni da abu guda: labari. In na kama tarwaɗa kamar yatsa, kafin in iso gida ta zama kamar cinya, kafin in kai dandali sai an yi mutum uku an ɗauko ta. Ni ban ɗauki wannan ƙarya ba, gishiri ne nake sa wa miya. Amma abokaina sun riga sun yanke hukunci, ko sallama na yi sai sun leƙa waje sun tabbatar ni ne.

Ana gab da kama azumi, wata rana da hantsi ina kamun kifi a rafi, sai ga ayarin fatake sun dawo daga Gwanja da huhunan goro. Jaki guda ya kauce hanya ya faɗa cikin taɓo har ciki. Mai shi, wani bafatake dogo, ya ja kai, ya daki gindi, ya roƙe shi da Allah, jaki ya ce shi ya samu wurin zama. Na shiga taɓon na kama wutsiyarsa na murɗa da iya ƙarfina. Jakin nan ya yi wani irin kuka da na tabbata an ji shi har garin Beri, ya yi tsalle ya fita, ni kuma ya bar ni a kwance a madadinsa.

Bafataken ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya kwance bakin huhu, ya zaro farin goro guda a naɗe cikin ɗanyen ganye, ya miƙo mini. "Ungo, samari. Allah ya yi maka albarka." Ya ƙara faɗin wata magana game da ganyen, amma ni tuni ƙafafuna sun yi gaba, kunnuwana suka bi su.

Ku gane, a wancan zamani goro ba abin yara ba ne. Manya ne ke fasa shi ranar suna ko ɗaurin aure, mu sai dai mu ga jan baki. Ga shi yau ni ke da fari sukutum, mai sanyi, mai nauyi a tafin hannu.

Da yamma na ba abokaina labari. Karo na farko ke nan a rayuwata da na faɗi abu yadda ya faru, sai dai jakin na ɗan ƙara masa tsawo. Suka kwashe da dariya.

"To ina goron?" in ji babbanmu, wani mai wushirya da ba ya raga mini.

Nan na tsaya. Goro in an gan shi sai an raba, mu kuwa mun fi goma. Na ce, "Ranar Salla, a nan dandali, gaban kowa da kowa zan fasa shi. Wanda ya ƙaryata ni ko ƙanshi ba zai ji ba."

"In babu goro fa?"

"Ku daina kirana da sunana har abada."

Matsalata ɗaya ce, kakata. Tsohuwar nan tana jin ƙanshin goro ta bayan katanga uku. Ina shiga gida ta ɗaga hanci.

"Maigida, yau me ka ɓoye wa amaryarka?"

"Wace amarya? Amarya ba haƙori?"

"Ja'iri. Waɗanda suka rage mini guda biyu sun ishi goronka. Kawo mu fasa tun yana da ransa."

"Na Salla ne, Iya."

"Wa ya ba ka tabbacin Salla? Goro ɗan yau ne, ba ya son jira."

Na ce a raina, wayon tsofaffi ne. Sai na zauna na yi tunani irin na masu hankali. A gidanmu duk abin da ake so ya daɗe, hayaƙi ake ba shi. Kifi banda, nama banda, irin shuka ma a saman murhu ake rataye shi. To me zai hana goro? Na yar da ganyen nan, don na ga har ya fara yaushi, na sa goron cikin ɗan gora na toshe, na cusa shi cikin jinkar madafa, daidai inda hayaƙi ya fi tashi. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na ma yi mamakin yadda fatake suka yi shekaru suna wahala da ganye ba wanda ya gano wannan dabara.

Azumi ya kama. Kullum in an sha ruwa Iya za ta zauna bakin ƙofarta a kan tabarma, da ƙoƙon kunun tsamiya, ta miƙe ƙafa, ta kurɓa, ta lumshe ido ta ce, "Kai, duniya da daɗi." Kunu fa kawai! Ni kuwa nawa kunun ko ɗanɗanonsa ba na ji. Ina sha idona na kan madafa, ina lissafin yadda mai wushirya zai buɗe baki. Wata guda cur na yi ban ji daɗin komai ba, saboda ina jiran daɗin da ke cikin gora.

Ranar Salla bayan an sauko daga idi, na sa rigata, na ɗauko gora ban ko buɗe ba, na nufi dandali. Samari sun cika, 'yan mata sun yi kitso, har Fulani masu tallan nono sun sauke ƙore suna kallo. Na hau kan wani kututture, na sake ba da labarin jaki, wanda a ranar ya kai girman raƙumi. Sannan na cire toshiya na girgiza gora a tafin hannuna.

Wani abu ya faɗo, ƙwas. Baƙi, ƙanƙararre, duk ya yamutse, yana warin hayaƙi.

Mai wushirya ya matso ya duba, ya shinshina, ya ce, "Jama'a, jakin ne ya ba shi tukuici da kansa."

Dariyar da aka yi ranar, na rantse har tsuntsaye sai da suka bar bishiya. Wata mai nono ta ce, "Yaro, banda ka yi masa?" Shi ke nan, suna ya kama ni. Sun cika alkawari, ba su sake kirana da sunana ba.

Na koma gida na tarar da Iya a inuwa. Na ajiye mata abin a gabanta. Ta juya shi, ta juya shi, kafaɗunta na rawa.

"Maigida, wannan ne sadakin nawa?"

"Iya, ki bari."

"Ɗauko mini dutsen niƙa ƙarami. Ka ɗebo ruwa a randar ɗaka, ta ƙuryar nan."

Ta daka shi ya zama gari, ta raba biyu daidai, ta zuba mini rabi a hannu. Na watsa a baki. Ɗaci da hayaƙi suka kama ni har kunne, na yunƙura zan tofar.

"Kul! Tauna. To, yanzu sha ruwa."

Na kafa kai a ƙoƙo. Wallahi ban taɓa shan abu mai zaƙi irin wannan ba. Ruwan ya sauka da sanyi, kamar an jiƙa zuma a ciki. Na dubi ƙoƙon, na dubi Iya.

"Me kika sa a ciki?"

"Ba komai. Ruwan da kake sha kullum ne. Yau ne dai ka tsaya ka ji shi."

Muka zauna a inuwar nan muna karɓa-karɓa da ƙoƙo har ya ƙare, na sake ɗebo wani.

Tun daga ranar na canja tsari. In na samu gasasshiyar masara, a nan take nake karya ta da wanda ke kusa. In na samu inuwa mai iska, sai in zauna in ce duniya da daɗi, ko ana kallona. Abin da na koya shi ne, daɗi ɗanye ake cin sa, kuma da mutane. Wanda ya ajiye nasa don ranar da za a gan shi, banda yake yi masa. Ku karɓi wannan daga bakin wanda ya gwada, kuma a wannan karon ko ƙwayar gishiri ban ƙara ba.