Gilashin da Hajiya ta Zaɓa

Ni na yaye yarinyar nan. Da wannan zan fara, don duk abin da zan faɗa a kansa ya tsaya. Ɗiyata ce ta haife ta a Wurno, amma da ta isa yaye gidana anka kawo ta, a ƙauyenmu da ke ƙasan madatsar Goronyo, kuma ba ta koma ba. A bayana ta yi kukan nono, a kwanona ta koyi cin tuwo.

Tana da wata kakar, ta wajen uba, wadda kowa ke ce wa Hajiya. Ta je Makka, ta dawo da haƙori mai ƙyalli da tabarau. Tana zaune a Wurno, cikin ɗaki mai fanka, tana saƙar faifai. Ban taɓa faɗa da ita ba. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, mai tsawo, irin wadda ake ja don kada a kai ga hira.

Ni kuwa albasa na sani. Tun kafin a tare gulbi, lokacin da babana ke ban-ruwa da jigo, ina bayansa ina buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangali zuwa wancan. Aure ya shigar da ni gida shekaru masu yawa. Da maigidana ya rasu na sake fitowa lambu, na iske ruwa na zuwa da kansa ta hanyar siminti, ba mai ɗaga guga. Ruwa ya sake, albasa ba ta sake ba. Maza masu gemu kan tsaya bakin lambuna da lawashi a hannu su ce, "Inna, duba muna wanga, mi ya same shi?" In duba, in faɗa musu, su tafi.

Da yarinyar ta gama makaranta, wata malamar gona, Kirista daga wajen Zuru, mace mai kirki da ke yawo bisa babur, ta ɗauke ta gwaji. Aikin shi ne ta bi lambuna tana ɗaukar hoton ƙwarin da ke cin albasa, ana aika wa manyan malamar, su kuma su faɗi maganin da za a fesa. To ƙwarin lawashi ba fara ba ne. Ƙanana ne ƙwarai, ba su kai ƙwayar gero ba, ko rabinta. Waya ba ta ganinsu. Malamar ta ce ta nemi wani ɗan gilashi da ake maƙala wa waya a kan idonta, mai girmama ƙaramin abu. Ta ba ta kasuwa biyu. In hotuna sun fito, aiki nata ne. In ba su fito ba, akwai masu jira.

Ranar da yarinyar ta gaya mini ina bakace irin albasa. Ban ko ɗaga kai ba na ce, "Gilashi? Mi gilashi zai gani da idona bai gani ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Kai, tsohuwa! Ke da jiya kike neman allura tana maƙale ga zanenki?"

Na jefe ta da ɓawon albasa, ta kauce. Ni a wurina magana ta wuce.

Ranar kasuwar Goronyo ta tafi wajen mai sayar da kayan waya. Ta ce mini zai ba ta gilashi biyu ta gwada, ta zaɓi ɗaya. Ni kuwa da sassafe na shiga lambu, na nemi fangalin da ƙwarin sunka fi ɓatawa, wanda lawashinsa ya yi fari-fari kamar an yayyafa masa toka, na kafa kara a bakinsa don kada in ɓata. Na dawo na share tsakar gida, na dama fura. Wa za ta kawo wa zaɓe in ba ni ba?

La'asar ta yi, motocin kasuwa sunka dinga sauke mutane. Ba ta cikinsu. Maƙwabciyata da ta je sayar da daddawa ce ta leƙo ta ce, "Jikarki ta ce in gaya miki ta wuce Wurno, sai gobe."

Furar nan awaki na ba.

Washegari da hantsi ta shigo tana tsalle kamar an yi mata albishir. Gilashi ɗaya ne a hannunta, ɗan mitsitsi, kamar murfin kwalba. Ta zauna ta matso da wayar gaban fuskata.

"Inna, dubi! Kin san ko mi ne wanga?"

Na ga wasu igiyoyi, ja da kore, manya kamar na ɗaure shanu, an sarƙa su da kyau.

"Faifan Hajiya na! Zaren kaba guda-guda. Mun gwada duka biyun, ta ce wanga ya fi, shi ke girmama abu ƙwarai. Ita ma ta saya mini shi. Wancan na aika an mayar."

Ta yi ta shafa wayar, faifai bayan faifai. Har da yatsan Hajiya da lallensa.

Na ce, "In za ki ɗauka, ina kike tsayar da shi?"

Ta ɗauko ludayi ta nuna mini. Ta matso da gilashin har ya kusa sumbatar ludayin. Tsakaninsu ko tsinke da ƙyar zai wuce.

"Wancan da kinka mayar fa?"

"Shi daga nesa yake ɗauka, kamar faɗin tafin hannu. Amma bai girmama abu kamar wanga."

Nan take na san an yi zaɓen banza. Ƙwarin nan a wuyan albasa suke zama, can inda ganye ya rungumi ganye. Inuwa ta faɗa musu, sun nutse ƙasa. Ka taɓa lawashi, ya yi ta rawa. In hantsi ya ɗaga kuma iska na tasowa daga kan ruwa, lambu duka ya kama kaɗawa. Abin da sai ya manne da ganye zai gani, ina zai same su? Faifai ai ba ya gudu.

Maganar ta zo har bakina. Sai na sake ganin yatsan nan da lalle. Na ce, "Allah shi sa albarka. Hajiya ta iya zaɓe."

Kwana bakwai ina kallonta. Ta durƙusa cikin fangali, zanenta duk laka, ta kai wayar jikin ganye, ganye ya gusa. Ta riƙe shi da hannu ɗaya, inuwar kanta ta rufe shi. Abin da ke fitowa a wayar wani kore-kore ne, kamar an kalli miyar kuka ta cikin hawaye. Ina nan bakin lambuna ina cire ciyawa, taku goma tsakaninmu. Karan da na kafa yana nan a tsaye, ban nuna mata ba. Ta daina tsokanata. Tuwo ma sai ta taɓa ta ture.

Kada a ce ban ji tausayinta ba. Na ji. Amma duk lokacin da na buɗe baki sai in tuna tsakar gidan da na share.

Malamar ta zo rana ta takwas. Ta tsaya bisa kunyar lambu, ta cire hular babur, ta gaishe ni da ladabi, sannan ta karɓi wayar ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Ƙanwata, ni ban ga komi a nan ba. Saura kasuwa ɗaya fa." A hankali ta faɗa, amma na ji. Na ci gaba da cire ciyawa.

Da munka koma gida yarinyar ta ɗauko mayafinta tana kaɗewa, hawaye na zuba.

"Ina zuwa?"

"Wurno. In tambayi Hajiya yadda take tsayar da hannu, ita hotonta bai rawa."

Da zan yi ƙarya da na ce hawayenta ne sunka buɗe mini baki. Ba su ba ne. Wurnon nan ce.

"Wurno kuma? Ƙwarin albasa a ɗaki mai fanka za ki koyo su? Zauna nan!"

Na zazzage mata duka: wuyan albasa, inuwa, iska, da gilashin da ta mayar, wanda shi ne zai bar ta ta tsaya nesa ba tare da ta firgita su ba. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Inna, tun yaushe kinka san haka?"

Ban saba ɓoye fuska ba. Na ce, "Tun ranar da kinka shigo da shi."

Ta dube ni, ta daɗe. Ba ta ce tsohuwa ba. Da ta yi magana, ƙasa take kallo. "Kyautar Hajiya ce. Uwar babana ce. Ba ni iya mayar da shi ba da saninta ba, kuma bakina bai iya gaya mata ta yi kuskure."

To, wa ya rage? Na ɗauro zanena na biki, na shiga mota.

Hajiya ta tarbe ni kamar ta ga wata. Ta shimfiɗa darduma, ta juyo mini fanka. Munka gaisa har gaisuwa ta ƙare, munka sake ɗauko ta daga farko. Daga nan na faɗi abin da ya kawo ni, ina kallon bango. Na shirya ta ji haushi. Wallahi so nake ta ji haushi, in samu abin riƙewa.

Sai ta tafa hannu ta yi dariya, haƙorin nan yana walƙiya. "Yo ni mi na sani ga albasa ban da yankawa cikin miya? Ai ranar na ce mata ta kai miki, ke ce gwana. Ta ce kin ce gilashi bai fi idonki ba, tana tsoron ki yi mata dariya. Ku musanya mana, ai don ta ci gaba na saya."

Da zan fito ta ɗauko faifai sabo ta sa mini a hannu. Na juya shi ina neman inda zare ya kauce. Ban samu ba.

Ranar kasuwa ni da yarinyar munka tafi Goronyo. Na tumɓuko albasa ɗaya da ƙasarta na ƙulle a gefen zane. Mai kayan waya, wani mai yawan baki, ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya!"

Na ce, "Ni ba Hajiya ba ce. Fito da wancan gilashin."

Ya fara yabon wanda munka kawo, wai shi manya ke saye. Na kwance albasar na aza bisa teburinsa, ƙasa ta zube kan kayansa. Na ce ya ɗauko mini ƙwaro ɗaya da shi in gani. Ya gwada, ya sake gwadawa, ya share ƙasar da gefen hannu, ya miƙo wancan.

Washegari, rana ta fito amma iska ba ta farka ba, na kai ta wurin karan nan. Na juya ta ta fuskanci gabas, inuwarta ta koma bayanta. Na ce ta kafa gwiwar hannu bisa cinya. Na ɗauki tsinke na buɗe wuyan albasar a hankali, kamar mai buɗe idon jariri. "Riƙe numfashi. Yanzu."

Ta duba wayar. Ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

Wata halitta ce ruwan ɗorawa, doguwa, da jajayen idanu da ƙahoni biyu, fikafikanta da geza kamar bakin mayafi. Fiye da shekara hamsin muna gaba da ita, ban san tana da fuska ba. Kuma tunda an zo nan bari in faɗa: na yi shekaru ban ga ko ɗigonta ba. Ɓarnarta nake gani, in faɗi sunanta, maza su tafi suna cewa Inna ido gare ta.

Malamar ta karɓi hotunan, yarinyar ta samu aikinta. Ta yi kwana huɗu tana kirana Inna kamar baƙuwa. Rana ta biyar ta iske ni ina laluben carbina, yana wuyana, ta ce, "Kai, tsohuwa!" Sai a lokacin tuwo ya yi mini daɗi.

An ce da malamar ta tambaye ta wa ya koya mata, ta ce kakarta. Ba ta faɗi wacce ba. A Wurno, na ji labari, har barka ake yi wa Hajiya, ita kuma tana amsawa.

Har yau in wayar yarinyar ta yi haske, igiyoyin nan ja da kore ne a fuskarta. Na ce ta sa ƙwaronmu, ta ce wa zai so ya buɗe waya ya ga wannan mummuna. Faifan kuwa yana nan, da shi nake bakace irin albasa. Shekara uku ina ba shi wahala, ko zare ɗaya bai saki ba.