Duwatsun da Aka Daka a Turminmu

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da abin da buhun duwatsu ya yi wa gidanmu a Mawashi ba. Tun kafin abin ya faru ina cikin fargaba, sai dai tsorona duk a kan rami yake. Kullum gani nake za a zo a ce mini ramin haƙar ma'adinai ya rufta da maigidana.

Shi ilimin duwatsu ya karanta a jami'a. Ni da ban wuce firamare ba, ban san ana karanta dutse ba sai a bakinsa. Ya gama bautar ƙasa ya dawo ya daɗe ba aiki, har 'yan majalisar hira na unguwa suna ce masa mai digirin tsakuwa. Da wani ƙaramin kamfani ya ɗauke shi can yamma, inda ake haƙa, sai muka ce wahala ta yanke. Lokacin ɗiyarmu ta fara rarrafe.

Wani zuwa da ya yi, ya taho da buhun duwatsu masu ƙyalli, ya ce na kamfani ne, za a kai su gwaji. Ya kulle su a shagon ƙofar gida, ya ce kada kowa ya taɓa, akwai guba a ciki. Kafin motar da za ta ɗauka ta zo, aka kira shi ya koma daji.

Sai yayansa ya ɓalle kwaɗon. Ya ɗaga dutse ɗaya a rana yana dariya. "Guba? Yo haka 'yan boko ke cewa in sun ga zinari." Na ce, "Yaya, ai ya hana." Ya ce, "Amarya, tun yaushe kika fara karatun dutse ke ma?" Matan gida suka kwashe da dariya. A gidan gandu, matar ƙane ba ta ja da babban wa.

A turmin da muke surfe aka daka su. Makonni ana daka, ana tankaɗe, ana wankewa a ƙwarya, ba a ga ko ƙwayar zinari ba. Ƙura mai toka-toka ta kwanta a tsakar gida. Ina goya yarinyar, amma mai rarrafe ba ta zama a baya. A turmin nan kuma aka ci gaba da daka geron kununta, an dai ɗauraye turmin da ruwa.

Ta fara ƙin nono, sai amai, sai kuka. Ranar da jikinta ya sanƙare idanunta suka juye, surukata ta ce iska ce, a kawo turare. Da la'asar maigidana ya iso daga daji, ya tarar da shagon a buɗe ba duwatsun. Ya shafa cikin turmin, ya dubi yatsansa, ya zauna a ƙasa. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya, dalma ce. Na faɗa muku." Ya saɓa yarinyar a kafaɗa muka hau mashin zuwa Kankia, daga can aka tura mu Katsina.

Ta rayu, alhamdu lillahi. Amma sa'o'inta suna makaranta yanzu, ita har yau "Umma" kaɗai take iya faɗa sosai. Kamfani ya sallami maigidana saboda duwatsun. Gudumarsa ta aiki tana ƙarƙashin gado, noma yake yi, kuma ko an yi masa maganar wani aikin haƙa sai ya tashi ya bar wurin. Turmin mun ƙone shi.

Na gane mai ilimi in ya ce a bari, ba rowa ba ce. Don Allah, in wani ya shigo muku gida da dutsen rami, kada ku bari a daka shi inda yara suke, ko da babban wa ne ya ce a daka. Ku kuma sa ɗiyata a addu'a.