Ranar da Na Kashe Auta

Ina tankaɗen garin gero na ji kwamfutar maigidana ta yi tit-tit daga ɗaki. Kwana shida ke nan da ya tafi ta'aziyya Tozai, mutanen daji suka tare hanya, ba mu sake jin labarinsa ba. Tun ranar ban taɓa komai nasa ba. Ko hularsa da ke kan ƙusa ban gyara mata zama ba. Kwamfutar kawai nake jona wa batirin sola kowace safiya, don haka ya saba yi.

Aikinsa ban fahimce shi sosai ba, duk da na gama sakandare. Ya taɓa ce mini in ɗauka ƙofar gari ce. Ƙananan asibitocin Isa da Kurawa suna aiko saƙo ta waya, neman jini ko magani, sai saƙon ya bi ta ƙofar ya isa Sakkwato. Injina uku ke tsaron ƙofar a wani gari mai nisa, shi kuma yana kula da su daga shafin intanet, a bakin tagarmu inda sabis ɗin Nijar ke kamawa.

Ƙarar ba ta daina ba, sai ga waya. Wata abokiyar aikinsa ce daga Sakkwato. Ta yi mini jaje, sannan ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Inji ɗaya ya lalace, yana karɓar saƙo yana haɗiyewa. Tun safe wani asibiti ke neman jini, ba mu gani ba. Kuma kwamfutarsa kaɗai aka yarda ta shiga wurin."

Na wanke hannu, na yi bisimilla, na buɗe. Layi uku na gani, biyu kore, ɗaya ja. Ashe sunayen da muke kiran yaranmu ya raɗa wa injinan: Babba, Tsakiya, Auta. Bai taɓa gaya mini ba.

"Wanne ne ja?"

"Auta," na ce.

"To, ki kashe Auta."

Na ce, "A'uzubillahi! Mi kika ce?"

"Injin nake nufi, Yaya. Akwai maɓalli a gefen sunan."

Na sani sarai. Mun saba cewa a kashe fitila, a kashe rediyo. Amma a garin nan, a waɗannan kwanakin, kalmar ta yi mini nauyi. Autata mai shekara biyar tana zaune a bakin ƙofa tana cin gyaɗa, muryar wayar kuma a buɗe take, yarinyar ta ji komai.

"Ba a iya canza sunan tukuna?" na tambaya.

"Yaya, mace ce mai haihuwa ke jiran jinin."

Na danna. Shafin ya tambaye ni da Turanci ko na tabbata. Na daɗe ina kallon tambayar, don tun tafiyarsa ba ni da abin da na tabbata da shi. Na sake dannawa. Layin ya koma launin toka, ƙarar ta tsaya. Matar ta ce saƙonni sun fara shigowa ta sauran biyun, ta yi godiya. Ban tambaye ta ko jinin ya isa a kan lokaci ba, har yau ban sani ba.

Na ce mata, "Yaushe za a tada shi?"

Ta ce shi kaɗai ya san yadda ya haɗa wancan injin, sai dai a jira.

Na rufe kwamfutar na zauna a ƙasa. Yarinyar ta taso, ta zuba mini sauran gyaɗarta a tafin hannu, ta leƙa fuskata.

"Inna, kar ki yi kuka, ban ji zahi ba. In Baba ya dawo sai shi tada ni."