Raƙumin Ɗantala Marar Tozo

Ɗantala mutumin Gumel ne, kuma ba sai ka tambaya ba, shi zai gaya maka. Direba ne a gidan wasu Larabawa a Madinat Khalifa. Kafin ya zo Doha ya ja motar haya tsakanin Gumel da Kano, ya sayar da tsofaffin tayoyi, ya kuma taɓa kiwon kaji har suka mutu suka bar masa buhunan abinci. Ni gadi nake yi a wani bene a Mushairib, kuma ranar Juma'a tare muke cin shinkafa a Asian Town. Ban taɓa ganin wanda ya tsani ya ce "ban sani ba" irinsa ba. Ko hanyar garin da bai taɓa takawa ba ka tambaye shi, zai miƙa hannu ya nuna maka.

Yawancin aikinsa kai tsohuwar gidan asibiti ne da gidajen 'ya'yanta. Hajiya ba ta son gudu, ba ta son rediyo, ba ta son direba mai shiru, to ka ga ta samu daidai ita. A mota ta ji labarin cewa ƙanwar Ajaratu, matarsa, za ta yi aure. Da suka koma gida ta sa aka ɗauko mata wani ɗan akwati, ta zaro sarƙar hannu ta gwal ta miƙa masa. Ta ce ta matarsa ce, ta saka a biki. Marigayi mijinta ne ya kawo mata daga wata tafiya tun suna matasa, ta manta ƙasar, ita dai kalar ba ta taɓa yi mata ba.

Ɗantala ya garzayo wurina da ita. Tun da ya auri Ajaratu bai taɓa ba ta gwal ba, ko ɗan kunne, kuma abin yana cinsa duk da ba ya faɗa. Sarƙar gaɓa-gaɓa ce, kowace gaɓa kamar ƙaramin allo da zane a kai. Akwai wata dabba mai dogon wuya, akwai masara, a tsakiya kuma wani ɗan mutum da faffaɗan abu a ka, yana tsaye a kan wani abu mai kama da rabin wata.

Nan take ya kira Ajaratu ta bidiyo. Ta yi guɗa, ta yi addu'a, sannan ta yi tambayar da duk macen garinmu za ta yi.

"Ɗan ina ne? Dubai ko Saudiyya?"

"Na Larabawa ne tsantsa," in ji shi. "Ba ki ga raƙumi ba? Wannan na tsakiya kuma mai raƙuman ne da malfarsa."

Ya manta da wadda yake magana. Ajaratu 'yar Maigatari ce, mahaifinta dillalin raƙuma ne. Ta ce ya matso da wayar. Ta daɗe tana kallo.

"Malam, ina tozon?"

"Yaro ne, bai fito ba tukuna."

"Ko jiya aka haife shi ana ganin wurin. Kuma wane raƙumi ne da kunnen jaki? Wannan mutumin ma ban yarda da shi ba. Idan gunki ne fa? Ni ba zan rataya abin da ban san asalinsa ba in shiga cikin mata, balle in yi salla da shi."

Biki ya matso, kuma Baballe, wani abokin aikina da zai tafi hutu, shi zai kai saƙon. Ɗantala ya shiga neman asalin raƙuminsa kamar wanda aka aika. Maƙerin zinare a kasuwa, wani Ba'indiye, ya saka ɗan gilashi a ido ya juya sarƙar. Ya ce gwal ne na gaskiya, tsohon aikin hannu, amma ba na nan yankin ba ne, don na nan ya fi shi ja. Tambarin baya ya goge, lamba goma sha takwas kawai ta rage. Wani Basudane ya rantse barewa ce. Wani ɗan Nepal ya ce akuyar dutse ce irin ta garinsu. Duk wanda ya faɗi tasa sai Ɗantala ya ce dama haka yake zargi, har na fara jin haushinsa.

Ni Allah ya ba sa'ar. A ƙasan benen da nake gadi akwai gidan abinci, kuma cikin masu girkin akwai wata mata mai suna Rosaura, gajera, mai yawan dariya. Wata safiya ta zo wucewa tana kaɗa makullanta, sai na hango dabbar Ɗantala tana lilo a jiki, an saƙa ta da ulu, da kunnuwanta a tsaye. Na kusa faɗowa daga kujera.

Da rana Ɗantala ya kawo sarƙar. Rosaura ta goge hannu a jikin riga ta karɓa, sai dariyar ta ɗauke. Da guntun Turanci da guntun Larabci ta ce ita 'yar Peru ce, daga cikin duwatsu, kuma kakarta tana da irin wannan. Dabbar sunanta lama, tana ɗaukar kaya a kan tsauni, ana saƙa da gashinta, idan ta yi fushi kuma tofa maka yawu take.

"Ka ji ko?" Ɗantala ya zungure ni. "Raƙumi ma yana tofi."

Ta ce ai dangi ne na nesa. Ranar ban huta ba.

Da aka zo kan mai malfa sai labari ya canja. Ta ce ba malfa ba ce, kambi ne, kuma abin da yake tsaye a kai bakin wuƙa ne. Tumi ake ce mata, wuƙar da kakanninsu na da can suke yanka da ita wajen bautarsu. Mutumin kuwa wasu na cewa sarki ne na farko, wasu na cewa abin bauta ne. Maƙeran garinsu sun daɗe suna zana shi a sarƙoƙi don baƙi masu zuwa yawo.

Ɗantala ya karɓi sarƙarsa muka fito. A hanya ya ce mini zai iya cewa sarki ne kawai, ai ba ƙarya ya yi ba. Na ce haka ne. Ya yi ta juya wayar a hannu, can dai ya kira Ajaratu ya faɗa mata duka, har da wuƙar. Na ji daɗinsa ƙwarai a ranar.

Ajaratu ta ce a narka a yi mata ɗan kunne. Da Rosaura ta ji, ta dafe kai kamar an ce za a yanka lamar. A ƙarshe maƙerin ne ya raba gardama: ya cire gaɓar tsakiya, ya haɗa sauran. Rosaura ta sayi mai kambin ta rataya a wuya, Ajaratu ta ce ta yarda da jakin Peru da masararsu. Baballe ya ɗauki saƙo ya tafi.

Ana gobe biki muna zaune a Asian Town Ajaratu ta kira. Tana ta dariya, ta ɗago hannu ta nuna masa. Sarƙar ba ta haɗu ba. Da aka cire gaɓa ɗaya ta gajarce, saura wajen faɗin yatsa biyu.

"Ai na gwada a hannuna," in ji Ɗantala. "Na ce naki bai kai rabin nawa ba."

"Hannun da ka bari kake faɗa, Malam, yanzu ya ƙaru. Ka san yaushe rabonka da gida?"

Sau biyu yana ɗage hutunsa, wai sai ya gama ginin ɗaki. Ya ce ta kai wa maƙeri a Kano a ƙara mata 'yan zobba. Ta ce ina, ta riga ta ɗaure gibin da baƙin zaren kitso, kuma haka za ta shiga biki da ita, duk wadda ta tambaya za ta ce mata mai gwal ɗin bai san hannun matarsa ba. Babu maƙerin da zai taɓa ta sai ya zo ya auna da kansa.

Ya yi dariya tare da ita har ta kashe wayar. Sannan ya ture farantin shinkafar, ya dube ni.

"Yaya ake cewa 'ina son hutu' da Larabci yadda kafil, maigidan nan nawa, ba zai ce a bari sai baɗi ba? Wallahi ban sani ba."