Rigar Mijin Uwar Ƙyalle

Yayata tela ce, kuma tun da nake ban taɓa ganin ta jefar da ƙyalle ba, ko da bai kai tafin hannun jariri ba. Uwar Ƙyalle ake ce mata a layin teloli, ita kuwa da fara'a take amsawa kamar an naɗa mata sarauta.

Ba da wannan hali aka haife ta ba. Wata damina ce guntayen yadin da teloli ke sharowa suka toshe kwatar layin, ruwa ya rasa hanya ya shigo shagonta, ya zauna a gindin keken ɗinkinta har ya yi tsatsa. Tun daga nan ta ƙulla gaba da bola. Kullum da la'asar sai ta bi shaguna da buhu tana kwashe abin da almakashi ya zubar, ta mai da shi matashin kai, ko jakar 'yan makaranta. A danginmu kaf babu wanda bai taɓa ɗora kai a kan guntun rigar wani ba.

Mijinta tsohon direba ne da ya ajiye aiki, mutum mai son a gan shi. Shekara da shekaru yana mitar ya auri tela amma a kasuwa yake sayen riga. Ran nan Yaya ta gaji, ta zazzage buhu, ta tsinto masu kyau ta haɗa masa riga. Ta yi kyau kuwa, ba ƙarya. Direba ya saka, ya bi layi shago-shago yana gaida mutanen da rabonsa da su tun bara.

A ƙofar shagon magani aka yi ta. Matar mai shagon, wadda muke kira Madam, ta dube shi sama da ƙasa.

"Tsaya, Direba! Juyo in gani. Wannan leshin na kafaɗarka ai nawa ne! Shi ya sa rigata ta matse ni ko hannu ba na iya ɗagawa. Ashe yadina yana nan yana yawo!"

Kafin ka ce kwabo mata sun zagaye shi, wannan ta ga atamfarta a aljihu, waccan ta ga tata a wuya. Da kyar bawan Allah ya iso gida da rigar a jikinsa.

Tela ya saɓa alkawari, duniya ta saba, har addu'a ake masa. Amma a ce yana rage yadin mutane, wannan kam ta ƙare masa. Magana ta bi gida-gida, masu ɗinki suka riƙa aikowa a ba su yadinsu. Keken Yaya da ba ya hutawa ya yi shiru, har sai da ta lulluɓe shi.

Abin ya ci mini rai, don na san gaskiyar magana. Madam na cikin matan da in an zo awo sai su shanye ciki, su riƙe numfashi, su ce a bar shi a haka.

Na ce, "Yaya, fita tsakiyar layi ki faɗi awonta na gaskiya, kowa ya huta."

Ta harare ni. "Ke dai bakinki ba ya da linzami. Macen da ta ɗaga miki hannu kika zagaya ta da tef, amana ta ba ki."

Sai ta ɗauko reza ta warware rigar kaf. Direba na zaune da singileti ya yi tagumi kamar ana zaman makokinsa. Ta bi kowa har gida ta mayar masa da nasa. Na Madam bai wuce hankici ba. Duk da haka magana ba ta mutu ba, aka ce ai wanda aka gani ne ta dawo da shi.

Ana nan, a taron iyaye na makarantar 'yarta, Madam ta sunkuya ɗaukar mukulli, riga ta ce ɓarrr, tun daga hammata har ƙugu. Leshin kuwa ya ƙare a kasuwa. Duk telan da ta je wa sai ya ce a kawo irinsa. Sai ga ta ta ƙofar bayan shagon Yaya, kai a ƙasa, guntun nan a jaka.

Yaya ta ciro tef daga wuya.

"Madam, saki numfashin. Ba kowa sai ƙanwata, ita ma za ta juya baya."

Na juya, ba don raina ya so ba. Sai na ji wani dogon huci kamar an sace iskar taya.

Guntun ya zauna a gefen rigar kamar da shi aka saƙa ta. Ta ƙofar gaba Madam ta fita, tana ɗaga wa kowa hannu har sama. Haƙuri dai ba ta bayar ba, amma ba a yi mako ba ta dawo da yadi da ƙawaye, ta kuma ce da ƙarfi, yadda layi zai ji, "Abin da ya rage a ajiye mini a buhu."

Da suka tafi na matso kusa. "Yaya, don Allah, tsakaninmu, nawa ne awon?"

Ta yaye lulluɓin keke, ta zura zare a allura. "Daidai da rigarta," in ji ta.