Ɗan'iya da Farar Ƙwayar Zulfa

Duk wanda ya zauna Kebbe ya san Ɗan'iya, in bai san fuskarsa ba ya san labarin hannunsa. Manomin gero da dawa ne, in rani ya yi sai ya hau babur yana kabu-kabu tsakanin Kebbe da Tambuwal. Da ƙuruciya ya yi dambe, kuma ko da ya bar fage bai bar zuciyar ba. Ba ya faɗin magana sau biyu. In ya faɗa ba ka ji da kunne ba, za ka ji a haƙarƙari.

'Ya ɗaya Allah ya bar musu shi da matarsa Hinde, sunanta Zulfa. Tana da shekara shida farfaɗiya ta fara kayar da ita. Wanda bai taɓa gani ba kada ya ce ya san tashin hankali! Yarinya na tsaye tana dariya, sai ka ji ƙara, ta zube, kai na dukan ƙasa, haƙora sun datse harshe, jini da kumfa na bin haɓa. Mutanen unguwa kuwa sai su watse, wai duk wanda yawunta ya taɓa ya ɗauka. Ƙarya ce tsagwaronta, amma je ka gaya musu.

Ɗan'iya ya gaya musu, da hannu. Mai shayin da ya fasa kofi saboda Zulfa ta sha ruwa da shi, sai da ya yi kwana uku ba ya iya tauna. Wani saurayi ya kwaikwayi faɗuwarta a bakin kasuwa abokansa na shewa, Ɗan'iya ya tsayar da babur, ya bar fasinja a kai, ya damƙi wuyan rigarsa ya yi ta maka shi da ƙasa har sai da mutum biyar suka ɓamɓare shi. Sau biyu ana kai shi ofishin 'yan sanda.

"Baban Zulfa, duka ba shi warkar da ita," in ji Hinde.

"Ba shi warkar da ita, amma shina hana a yi mata dariya."

Har yayansa Siddiƙ bai tsira daga bakinsa ba. Shi Siddiƙ ya haƙiƙance iska ce ta shafi yarinyar, kullum maganarsa a yi mata hayaƙin barkono, iskar ta fita. Ɗan'iya ya ce masa, "Yaya, ina ganin girmanka. Kak ka kusance ta da wuta."

Shekara takwas yana kai ta asibiti a Tambuwal. An canza magani, an ƙara, an sake canzawa, amma ba a rasa faɗuwa uku a mako. Likitan ya gaya masa gaskiya, ya ce ciwonta irin wanda ba ya jin magani sosai ne. Wata rana sai ya haɗa musu da wata 'yar ƙwaya rawaya.

"Wannan bitamin ne," in ji likita. "Ƙari ne a kan farar ƙwayar da take sha. Yana taimaka wa wasu, wasu kuma ba ya yi musu komai, gwadawa za mu yi. Ka ji ni da kyau, Malam Ɗan'iya: ko ta shekara ba ta faɗi ba, kada ka tsayar da farar sai na ce."

Ɗan'iya ya gyaɗa kai. Shi ne mai ba ta magani safe da yamma, don ya ce hannun kowa na mantuwa ban da nasa.

Ikon Allah, sai faɗuwa ta fara ja da baya. Sau ɗaya a mako, sau ɗaya a mako biyu, har aka yi wata cur ba ta faɗi ba. Ko rawayar ce ta yi aiki, ko sauƙi ne kawai ya zo a lokacinsa, wannan Allah ne masani. Amma Ɗan'iya ya riga ya yanke hukunci irin na manomi. In ka samu irin da ya yi maka yabanya, me za ka yi da tsohon da ya shekara takwas yana ba ka kunya? Ga shi tun yana yaro yake jin tsofaffi na cewa magani biyu ba sa zaman lafiya a ciki ɗaya, wani yakan kashe ƙarfin wani. Farar nan kuma ita ce ke sa Zulfa barci da rana tsaka, ido a lumshe, magana da ƙyar, abin na ci masa rai. Bai yi shawara da kowa ba, ko Hinde. Ya juye farar a masai, ya ci gaba da ba ta rawaya.

Kwana huɗu Zulfa ta zama wata yarinya daban. Ido ya buɗe, ta bi mata roron wake, ta dawo tana waƙa. Ɗan'iya ya riƙa kallonta yana jin kansa ya fi likita.

Ran na biyar da hantsi, yana kan hanya da fasinja, ta faɗi a tsakar gida kusa da turmi. Wannan karon abin bai sake ta ba. Kafin ɗaya ta lafa wata ta taso, jiki na bankarewa, leɓe ya koma baƙi. Hinde ta ƙwalla ihu, Siddiƙ ya shigo a guje da kasko cike da garwashi. Ya cusa wa Zulfa cokali a baki har haƙorin gaba ya karye, ya watsa barkono a wuta, ya lulluɓe kanta da zani.

A haka Ɗan'iya ya shigo ya same su. Innalillahi! Ya shure kaskon, garwashi ya watsu har ƙofar ɗaki. Ya juya kan yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya sauke masa hannun dama a muƙamuƙi, aka ji ƙas. Siddiƙ ya faɗi, ya bi shi ya danne, yana duka yana cewa, "Kai ka kashe min ɗiya! Kai ka kashe ta!" Sai da Hinde ta rungume ƙafarsa tana kuka, tana cewa yarinya na da sauran numfashi, sannan ya tashi, hannu duk jini.

Ya hau babur, Hinde ta ɗaure Zulfa a bayansa da zani ta zauna ta tallafe ta. Hanyar Kebbe kowa ya san halinta, rami na miƙa ka ga rami. Duk tsawon tafiyar yana jin jikin yarinyar na fizga a gadon bayansa, yana kiran sunanta, ba ta amsawa.

A Tambuwal aka yi mata allura, aka sake yi, aka ɗaura ruwa, da ƙyar jikin ya saki. Likita ya fito yana share gumi.

"Hayaƙin ya cutar da ƙirjinta, cokali ya karya mata haƙori," ya ce, "amma ba su suka kawo wannan ba. Irin wannan faɗuwar da ba ta tsayawa, na fi ganinta in an yanke magani farat ɗaya. Yaushe rabonta da farar ƙwaya?"

Hinde ta ce, "Ko da sahe ya ba ta, likita. Shi ka ba ta, bai taɓa fashi ba." Ta juya ta dubi mijinta don ya gaskata ta.

Ɗan'iya ya dubi likita. Ya ce, "Kwana biyar. Ni na zubar."

Hinde ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta matsa gefe kawai, ta bar tazarar mutum ɗaya tsakaninsu. Shi kuwa ya fita bayan ɗakin marasa lafiya, ya duba hagu ya duba dama, babu wanda zai daka. Sai ya fuskanci katangar bulo. Ya yi ta narka mata dama har yatsu uku suka karye, masu jinya na leƙe ta taga, ba wanda ya iya matsowa.

Kwana biyu Zulfa ba ta san inda take ba. Ran na uku ta buɗe ido, harshe a kumbure. Ma'aikaciyar jinya ta kawo fara da rawaya a 'yar roba, yarinyar ta datse baki ta kau da kai. Hinde ta gwada, ta ƙi.

"Baba," ta ce da ƙyar. "Baba shi ka ba ni. Shi ba shi kuskure."

Aka kira shi daga bakin ƙofa, inda ya yini a tsugune. Damarsa na naɗe da bandeji har gwiwar hannu, ba ta iya ɗaukar ko tsinke. Ya sa hagu ya ɗauki farar, ta suɓuce, ya sake ɗauka.

"Yi haƙuri da hagu, Zulfa," ya ce.

Ta buɗe masa baki.