Sunayen Shanun Baffa a Jikin Rumbu

Wata ranar kasuwar Gwiwa, cikin daminar da nake aji uku, Baffa ya warware takardar da aka ƙunso masa kanwa, ya miƙo mini ya ce in karanta. Na tsura mata ido har ƙwalla ta kawo. Ni ce fa gwanar rubutu a ajinmu, duk abin da ke kan allo nakan kwafe shi tsaf, amma ban san me na rubuta ba. Karatu kuwa hadda muke yi, malami ya faɗa mu amsa da ƙarfi. Baffa bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "In aka yanke gero ba ki iya ba, ƙwaryar tallan nono tana jiranki." Ni kuwa ina son makarantar nan kamar raina.

Allah ya so ni, ba a daɗe ba aka kawo mana Malam Sabo daga Roni, dogo mai tsohon keken da ƙararsa ke riga shi sallama. Kullum da safe sai ya tambayi abin da muka baro a gida, ya rubuta maganarmu a allo yadda muka faɗa, ya farfasa kalmomin gaɓa-gaɓa mu karanta, sannan ya goge, ya kora mu gindin darbejiya mu rubuta a ƙasa da tsinke. "Kowa ya karanta mini abin da hannunsa ya yi," haka yake cewa. Ranar da na gane tawa maganar da idona, "Saniyarmu ta haihu jiya," da gudu na koma gida, ko takalmana ban tuna ba.

Da aka yanke gero, Baffa da bai san harafin boko ko ɗaya ba ya shirya tasa jarrabawar. Ya ba ni gawayi, ya jero sunayen shanunsa, na rubuta a jikin rumbu, shi kuma ya riƙe wurin kowane suna a ka. Sai da kasuwa ta zagayo ya kira ni, ya riƙa ɗora sandarsa nan da can a hargitse, ni kuma ina karantawa. Da muka gama ya juya wajen Inna ya ce, "Nemi mai ɗaukar miki ƙwarya."

Yau 'ya'yana kan dawo da littattafai cike da rubutun da aka sa su kwafa, ni kuma ba na yaba kyan hannu sai an karanta mini. Rumbun ya daɗe da rushewa, Baffa da Malam Sabo duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Har yanzu in na rufe ido ina ganin sandar nan a kan gawayin.